Nazarin Lamari: Mayar da Kwas Ɗaya na Buɗaɗɗiyar Jami'a Darasin Intanet, da Sana'o'in da ke Cikinsa

Wanda ya taɓa riƙe littafin kwas na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, ya san zubinsa. Ana raba kwas rukuni-rukuni, kowane rukuni a yanka shi kashi-kashi, kowane kashi kuma ya bi layi ɗaya: gabatarwa, manufar darasi, ƙunshiya, auna fahimta, kammalawa, taƙaitawa, jinga, manazarta. An yi haka ne saboda ɗalibin ba shi da malami a gabansa. Littafin ne zai yi masa bayani, ya tambaye shi, ya nuna masa inda ya kauce. An kafa jami'ar a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002 lokacin Obasanjo. Irin wannan koyarwa kuwa tana da tushe a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya da aka kafa a 1969, wadda ta yi suna da cewa ba malami ɗaya ke haɗa kwas ba, ayari guda ne ke haɗa shi.

Lamarin da za mu bi diddiginsa shi ne wannan. Mu ɗauka akwai kwas na 'yan aji ɗaya a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, mai kiredit 2, an rubuta shi a wancan zubi, rukuni 3, kashi 15. Ana son a ɗora shi a Moodle, manhajar koyarwa ta kyauta da Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, wadda jami'o'i masu yawa ke amfani da ita. Masu karatun malaman firamare ne, ma'aikatan ƙananan hukumomi, 'yan sanda, matan aure, 'yan kasuwa. Mafi yawansu da waya za su shiga, da daddare, da datar da suka saya da kuɗinsu. Maki kuma a tsarin NOUN 30 ne na jingar da ake kira TMA, 70 na jarrabawa.

Matasa da yawa da ke sha'awar wannan sana'a suna zaton aikin ɗaukar bidiyo ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Bidiyo shi ne ɓangaren da ya fi cin kuɗi, amma ba shi ke yanke hukuncin ko ɗalibi zai koya ko ba zai koya ba, kuma ba shi ne ƙofar da ta fi faɗi ga mai neman shiga ba.

Fayil ɗin da ya iso tebur

Abu na farko da ke zuwa fayil ɗin Word ne daga malamin da ya rubuta kwas. A kwas na Hausa matsala takan fara tun daga shafin farko. A shekarun 1990, lokacin da manhajojin rubutu ba su san haruffa masu ƙugiya ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda daga baya ya shugabanci NOUN daga 2016 zuwa 2021, ya ƙirƙiro zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, suka fitar da marubuta da maɗaba'u kunya shekara da shekaru. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce aron maɓallan da Hausa ba ta buƙata. Ka danna wani maɓalli, ƙ ta bayyana a fuskar kwamfuta, amma a cikin fayil ɗin ainihin abin da ke ajiye q ce ko baka-biyu. Muddin kwamfutar mai karatu tana da wannan zubi, lafiya lau. Wayar ɗalibi ba ta da shi. Shi ya sa ake ganin "qasa" da "xaya" da "varawo", ko "}asa" da "]aya", a wasu rubuce-rubuce na intanet.

Maganin shi ne a mayar da rubutun gaba ɗaya zuwa Unicode, tsarin lambobin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci da wayoyi ke bi, inda ɓ, ɗ da ƙ suke da lambobinsu na kansu. Edita zai ajiye kwafin asali gefe tukuna. Sai ya gano wane maɓalli aka ara wa wane harafi, ya musanya haruffa shida ɗaya bayan ɗaya, ƙanana daban manya daban, tare da kunna zaɓin da ke bambanta babban baƙi da ƙarami. Inda ake yin tuya a manta da albasa shi ne danna "musanya duka" a kan fayil baki ɗaya. Nan take kowace v ta manazarta ta koma ɓ, sai ka ga "Uniɓersity" a ƙarƙashin sunan Farfesa, lambar shafi vi ta zama ɓi, adireshin intanet ya lalace ya daina buɗewa. Dole a ware sashen manazarta da duk wani rubutun Ingilishi kafin musanyar, a kuma bi su da ido bayanta. Akwai kuma waƙafin sama na 'ya'ya da 'yan: Word kan juya shi ya fuskanci wani gefe idan ya zo a farkon kalma, kwamfuta kuma tana ɗaukar miƙaƙƙe da lanƙwasasshe haruffa biyu ne mabambanta. Wannan ɗan abu zai dawo ya ciji mai haɗa jarrabawa nan gaba.

Editan da ya iya wannan, ya kuma san ƙa'idar haɗa kalma da raba ta, yana da abin sayarwa a hannu. Masu digirin Hausa ba su cika ganin hakan a matsayin sana'ar fasaha ba, alhali ita ce.

Mai tsara koyarwa

Wannan shi ne jigon ayarin, kuma shi ne aikin da aka fi rashin fahimta. Ba shi ne masanin fannin ba. Aikinsa ya tsaya tsakanin masani da ɗalibi, ya yanke abin da za a koyar da farko, da wace hanya, da yadda za a gane an koya. Masu sana'ar suna yawan ambaton ADDIE, tsarin matakai biyar da aka tsara a Jami'ar Jihar Florida a 1975 domin horar da sojojin Amurka: nazari, tsarawa, haɗawa, aiwatarwa, aunawa. Haddace shi ba wuya. Abin da ke nuna gwani shi ne daga ina yake farawa, kuma gwani daga jarrabawa yake farawa ya dawo baya.

Ga kashi na 7, misali, a kan haɗa kalmomi da raba su. Malam ya rubuta manufa kamar haka: "A ƙarshen darasi ɗalibi zai fahimci ƙa'idojin haɗa kalma da raba ta." Ba wanda zai iya auna fahimta da ido. Mai tsarawa zai mayar da ita: "Idan aka ba ɗalibi jimla 10 masu kuskure, zai gyara aƙalla 8, ya kuma faɗi ƙa'idar da ya bi." Wannan shi ne amfanin rabe-raben Benjamin Bloom na 1956 a aikace: a zaɓi aikatau da ake iya gani, kamar lissafa, bambanta, gyara, tsara. Da zarar manufa ta zama haka, sauran aikin ya bayyana da kansa. Ana buƙatar misalai na "yana" da "ya na", "shi ne" da "shine", "akan" da "a kan". Ana buƙatar atisayen gyara. Shafi huɗu da Malam ya yi a kan tarihin tarurrukan daidaita rubutu suna da daraja, amma ba wannan manufa suke yi wa hidima ba, sai a mayar da su ƙarin karatu.

A nan ne sana'ar ke buƙatar ladabi fiye da manhaja. Mai tsarawa sau da yawa matashi ne mai digiri ɗaya ko biyu, marubucin kuma Farfesa ne da ya koyar da malamansa. Ba a ce masa "wannan ya yi tsawo". Ana zuwa da jadawali mai gida uku, manufa, darasi, tambaya, a ajiye a gabansa a ce: "Ranka ya daɗe, wannan sashe ban samo tambayar da yake amsawa ba. A ƙara masa tambaya ne, ko a kai shi ƙarin karatu?" Hukunci na Malam ne, amma jadawalin ya riga ya yi magana. Wanda ya je da gardamar ilimi zai sha kaye, kuma ya cancanta.

Daga nan sai taswirar darasi, wadda takarda ce kawai mai layi-layi: lambar shafi, abin da za a gani, abin da za a faɗa kalma da kalma, abin da ɗalibi zai yi, amsar da zai samu idan ya yi daidai ko kuskure, da sunan fayil. Malam zai sa hannu a kanta kafin a kunna kyamara. Dalili a fili yake. Kuskure a takarda gyaran minti biyar ne. Kuskure ɗin nan a bidiyo yana nufin a sake kiran Malam, a sake neman rigar da ya sa ran nan, a sake tace sauti, a sake rubutun ƙasan hoto.

Maganar lokaci ma a nan ake yin ta. Binciken Bryan Chapman na 2010, wanda ya tattara bayanai daga kamfanoni da cibiyoyi sama da 200, ya nuna cewa awa ɗaya ta darasin intanet mafi sauƙi, rubutu da hoto da 'yan tambayoyi, tana cin kimanin awa 79 ta aiki. Mai atisaye da mu'amala tana cin 184, mai kwaikwayon yanayi da wasa kuma 490. Idan kwas ɗinmu zai fito da awa 3 na irin wannan kaya, awa 237 ke nan a mataki na farko, kusan mako shida na mutum ɗaya mai aikin awa 40, ko awa 552 a mataki na biyu. Ba a sa ɗauke wuta a lissafin ba. Duk wanda ya yi alkawarin kammala kashi 15 cikin mako biyu, PDF zai yanka ya liƙa.

Sauti, bidiyo da kuɗin data

Shawarar farko da ke fitowa a kowane taro ita ce a yi bidiyo biyu ga kowane kashi, 30 ke nan. Kafin a amince, a yi lissafi. Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a kwasa-kwasan edX, wani dandalin karatu ta intanet, suka wallafa a 2014 cewa matsakaicin ɗalibi ba ya wuce kimanin minti 6 yana kallo, komai tsawon bidiyon. Don haka minti 6 ne ma'auninmu, wato rubutu mai kalma 750 zuwa 800 idan Malam ba ya sauri.

Minti 6 sakan 360 ne. Bidiyo mai ƙarfin 720p a kan megabit 1.5 a sakan zai kai kusan MB 68. Guda 30 sun haura GB 2. In aka matse shi da HandBrake, manhajar rage nauyin bidiyo, zuwa 360p, hoto a kan kilobit 400, sauti a kan 64, sai ya dawo kimanin MB 21, guda 30 kuma MB 630. Sauti zalla a kan kilobit 48 bai wuce MB 2.2 ba. Ɗalibi mai kwas takwas a zango ɗaya zai ninka duk abin da aka zaɓa sau takwas, daga aljihunsa.

Saboda haka tambayar ita ce wane darasi ne ba ya yiwuwa sai an ji ko an gani. A wannan kwas, bambancin k da ƙ, d da ɗ, dogon wasali da gajere, da karin sauti, duk sai da kunne. Gyaran jimla a allo, inda alƙalami ke tafiya ana bayani, ya cancanci bidiyo. Sauran rubutu ya wadatar. Da wannan tacewa 30 kan iya komawa 12, kusan MB 250, kowanne kuma a ajiye masa sautinsa daban da rubutaccen abin da aka faɗa, domin mai ƙarancin data da kuma kurma.

Ɗalibi yana yafe hoto mai dishi-dishi. Sauti marar kyau kuwa rufewa yake yi. Makirufon maƙalawa a riga, tazarar kamar taƙi ɗaya daga baki, ya fi makirufon kyamara komai tsadarta. A kashe fanka, a nisanci janareta, a zaɓi ɗaki mai labule da kafet ko ɗakin da littattafai suka cika, a kuma tsara ɗauka tsakanin lokutan salla idan akwai lasifikar masallaci kusa. A bar ƙarfin murya yana kaiwa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin desibel, domin in ya taɓa sifili ya fashe, ba kuma gyara. A ɗauki sakan 10 na shirun ɗakin kafin Malam ya fara, manhajar tace sauti ta Audacity na buƙatarsa wajen gane hayaniyar da za ta cire. Sai dai a yi hattara da cirewar: in ta yi yawa, murya kan koma kamar daga cikin rijiya, kuma kaifin ƙ da ts, wanda shi ne darasin kansa, yakan dushe. A saurara da lasifikar waya mai araha kafin a ce an gama, ba da belun kunne na situdiyo ba.

Rubutun da ke cikin bidiyo kuma a tuna fuskar waya inci shida ce. Layi biyar ko shida manya sun isa shafi. Baƙi a kan fari ko fari a kan shuɗi mai duhu. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, ta nemi bambancin haske na 4.5 da 1 ga rubutu na yau da kullum. A zaɓi zubin haruffa mai ɗauke da ƙugiya, irin su Noto Sans, Andika ko Charis SIL, in ba haka ba ƙ za ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko akwati ya tsaya a madadinta.

Rumbun tambayoyi

In akwai aikin da ake rainawa alhali shi ke riƙe da mutuncin kwas, wannan ne. TMA galibi uku ce, kowacce tana da tambaya 10. Idan tambaya 30 kacal aka rubuta, kafin mako ya zagayo amsoshin sun gama yawo a zaurukan WhatsApp. Abin da ya dace shi ne tambaya 10 aƙalla ga kowane kashi, 150 ke nan, kowane kashi da aljihunsa a rumbun. TMA ta farko ta rufe rukuni na ɗaya, sai a umarci Moodle ya zaro biyu-biyu daga kowanne cikin aljihu biyar. Wanda ya zuba tambayoyin duka a wuri ɗaya ya ce a zaro 10, zai wayi gari wani ɗalibi ya sami bakwai daga kashi ɗaya, wani kuma bai sami ko ɗaya daga can ba.

Tambaya mai kyau daga kuskuren ɗalibai na gaske ake ƙera ta. Dubi wannan:

Wace jimla ce aka rubuta daidai?
A. Shine ya zo da littafin.
B. Shi ne ya zo da littafin.
C. Shi ne yazo da littafin.
D. Shine yazo da littafin.

Kowane zaɓi na kuskure yana nuna wata cuta takamaimai. Wanda ya ɗauki C ya san rabin ƙa'ida, don haka amsar da zai gani ita ce: "Ka raba 'shi ne' daidai, amma ba a manne 'ya' da aikatau. Koma sashe na 3.2." Wannan layi ɗaya shi ne malamin da ɗalibin nesa ba shi da shi. Tambayar da amsarta ta fi sauran tsawo, ko zaɓinta biyu shirme ne a fili, ko ta ƙare da "duk na sama", wayo take aunawa.

Ba a shigar da tambaya 150 ɗaya-ɗaya da hannu. Ana rubuta su a fayil ɗin rubutu zalla a zubin Aiken ko GIFT, a loda gaba ɗaya. Aiken ya fi sauƙi, tambaya a layi ɗaya, zaɓuɓɓuka da manyan haruffa, sai layin amsa, amma ba ya ɗaukar bayanin kuskure. GIFT yana ɗauka. Dukansu sai an ajiye fayil a UTF-8, tsarin ajiya da ke ɗaukar haruffan Unicode, in ba haka ba kowace ƙugiya ta koma alamar tambaya. Ga kuma tarkon da ya keɓanta da Hausa: GIFT yana amfani da baka-biyu da alamar ~ a matsayin umarni, su ne kuma wasu tsofaffin haruffa suka ara wa ƙ da ɓ. Kalma ɗaya da edita ya tsallake ta isa ta tsinke tambaya a tsakiya ko ta hana lodin baki ɗaya. Tambayar cike gurbi ma tana da nata. Idan amsar "ƙasa" ce, wani zai rubuta "kasa", wani "k'asa", wani "qasa", saboda madannin wayarsa. A kwas na tarihi sai a karɓi dukansu. A kwas na ƙa'idojin rubutu ba za a karɓa ba, don haka tun a makon farko sai a koya wa ɗalibai sa madannin Hausa na Gboard ko Keyman, a ba su gwajin da ba maki.

Bayan ɗalibai sun yi TMA, Moodle na fitar da alƙaluma a kan kowace tambaya. Biyu ne abin dubawa. Ma'aunin sauƙi yana nuna kashi nawa suka ci: sama da 90 cikin 100 kyauta ce, ƙasa da 30 a sake karanta ta. Ma'aunin bambancewa yana nuna ko masu ƙoƙari ne suka fi cin ta. Ƙasa da 0.2 rauni ne. In ya faɗi ƙasa da sifili, wato raunana sun fi gwanaye ci, abu na farko da za a duba shi ne ko an saka amsar da ba ita ba. A gyara, a sake lissafin maki, a sanar da ɗalibai. Mutumin da ya iya karanta wannan shafi ya fi mai kyamara wuyar samu.

Ɗorawa da gwaji

Mai ɗorawa ba ya liƙa PDF mai girman A4 ya tafi, domin a waya sai an yi ta ja da yatsa hagu da dama. Yana zuba rubutun a shafukan Moodle da ke daidaita kansu da faɗin fuska, ya bar PDF a matsayin abin saukewa. Ba ya kwafowa kai tsaye daga Word, saboda tarkacen da ke biyo rubutun. Atisaye kuma H5P, kayan haɗa atisaye mai mu'amala, ya wadatar, yana cikin Moodle tun siga ta 3.9 a 2020. In an kawo kunshin SCORM, wato darasin da aka haɗa a wata manhaja aka ƙunshe don ɗorawa, daga Articulate Storyline ko makamancinsa, a fitar da shi a siga ta 1.2, ita Moodle da manhajarsa ta waya suka fi ɗauka, a kuma tabbata fayil ɗin imsmanifest.xml yana saman kunshin. Wanda ya matse jakar gaba ɗaya maimakon abin da ke cikinta zai ga an ƙi karɓa, ya rasa dalili.

Sai 'yan saituna da ke jawo kuka. Idan agogon shafin yana kan UTC, ma'aunin lokaci na duniya, maimakon lokacin Legas, TMA za ta rufe ba a lokacin da aka sanar ba, da bambancin awa guda. Idan ba a zaɓi a miƙa amsa kai tsaye in lokaci ya cika ba, wanda sabis ya yanke masa zai tashi da sifili. Idan aka kulle kashi na 2 sai an ci na 1, alhali na 1 yana jiran malami ya duba da hannu, aji guda zai tsaya cak. Bidiyo kuma zaɓi ne tsakanin abu biyu: a YouTube yana rage nauyinsa daidai da ƙarfin sabis, amma manhajar Moodle ba za ta sauke shi don kallo ba tare da intanet ba, a kan sabar makaranta, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ana saukewa, amma sai sabar ta iya ɗaukar cunkoso.

Mai gwaji zai shiga da asusun ɗalibi, ba na malami ba, a waya mai RAM na GB 2, da data ba wayifai ba. Zai bi kowane mahaɗi, ya faɗi kowace tambaya da gangan don ya ga bayanin, ya kashe data a tsakiyar jarrabawa ya ga abin da zai faru. Sannan a ba ɗalibai biyar ko shida kashi ɗaya, a zauna a bayansu a yi shiru. Inda suka tsaya suna neman maɓalli, nan ne gyara.

Ta ina ake shiga

A babbar cibiya waɗannan ayyuka mutane daban-daban ne. A ƙaramin kamfani ko aikin kwangila mutum biyu ne ke ɗauke da su duka. Masu ɗaukar ma'aikata sun ƙaru tun rufe makarantu a Maris 2020. Ban da NOUN akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke koyarwa daga nesa tun bayan kafa ta a 1976, da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, da jami'ar Miva da ta sami lasisi a 2023, da kamfanoni irin su uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019. Dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 yana da darussa har da na Hausa. Bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin lafiya su ma suna horar da ma'aikatansu ta intanet.

Malamin aji ya fi kowa kusa da kujerar mai tsara koyarwa, domin ya san inda yara ke tuntuɓe. Abin da ya rage masa manhaja ce da horon rubuta komai a takarda. Mai digirin harshe ya shiga ta edita da rubutun ƙasan bidiyo. Mai kimiyyar kwamfuta ya shiga ta kula da Moodle. Mai tace finafinai ya riga ya iya rabin aikin, sai ya koyi rage ado. Digiri a fasahar ilimi yana taimakawa wajen aikin jami'a da na gwamnati, inda takarda ke da nauyi. Amma a teburin ganawa abin da ake cewa shi ne "nuna mana abin da ka yi".

Samfurin da ya isa a nuna bai wuce kashi ɗaya cikakke ba: manufa uku masu aunuwa, taswirar darasi, shafin rubutu, bidiyo ɗaya da bai kai MB 25 ba tare da rubutunsa, atisayen H5P ɗaya, tambaya 10 masu bayanin kuskure, da shafi guda da ke faɗin abin da aka sauya bayan gwaji da mutum biyar, da dalili. Shafin nan na ƙarshe ya fi sauran jan hankalin mai ɗauka. Duk ana iya yi da kayan kyauta: Moodle a kan kwamfutar mutum, OBS Studio na ɗaukar bidiyo, Audacity, Shotcut na tace bidiyo, HandBrake, da darussan Moodle Academy. Storyline da Captivate da dala ake biyan su, a bari sai aikin da zai biya ya zo. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna saurin zubo daftarin tambayoyi, amma a Hausa sukan haɗa abin da ake rabawa, su kuma ba da amsa biyu masu daidai a tambaya ɗaya, don haka ba a loda abin da suka rubuta sai mutum ya bi shi layi-layi.

Mai aikin kwangila ya rubuta abu huɗu kafin ya fara. Sau nawa za a yi gyara kyauta, biyu ya isa, na uku da kuɗinsa. Da me ake auna aiki, minti na bidiyon da aka gama ko kashi, ba "kwas" a dunƙule ba. Yaushe ake biya, wani kaso a farko, wani bayan sa hannu a taswira, saura a miƙawa. Sai kuma wa ke da mallaka, tunda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka ɗora a intanet. Hoton da aka tsinto a Google ba na kowa ba ne. Mai lasisin CC BY ana amfani da shi tare da ambaton mai shi, mai alamar NC kuma ba a sa shi a kwas na sayarwa.

A yarjejeniyar a faɗi wanda zai riƙe fayilolin asali, wato ɗanyen bidiyo, fayil ɗin tacewa da rubutun tambayoyi. Kowane zango sai an sabunta ranaku, an duba mahaɗan da suka mutu, an cire tambayoyin da suka fallasa an zuba sababbi. Lokacin da Adobe ya daina tallafa wa Flash, manhajar da ke kunna bidiyo da atisaye a shafukan intanet, a ƙarshen 2020, darussa masu yawa da aka gina a kansa sun daina buɗewa. Waɗanda ke da fayilolin asali sun sake fitar da nasu a HTML5, zubin da ya maye gurbinsa. Waɗanda kunshin ƙarshe kawai aka miƙa musu sai da suka sake ginawa daga tushe, suka sake biya.